Ɓera Bai San Iyakar Gona Ba



Da zarar an gama girbi an kai amfani gida, mai tallar shinkafar ɓera yakan yi ciniki a kasuwannin Bagudo da Ka'oje da Lolo. Kowa ya sayi ƙulli ɗaya ko biyu, ya je ya barbaɗa a gindin rumbunsa. A kwana biyu ana kwasar mushen ɓeraye, maigida ya ce ya huta. Bayan sati uku kuma sai a sake jin ƙaraf-ƙaraf cikin dare. Daga nan sai a ce maganin jabu ne. Wani lokaci jabun ne, gaskiya. Amma ko da mai kyau ne, haka zancen zai ƙare, gama ɓeran da ka kashe ba shi kaɗai ya san hanyar rumbunka ba.

Ga abin da nake so in faɗa muku. Kuɗin da kowannenmu yake kashewa shi kaɗai a kan guba, yawancinsa asara ce. Yaƙi da ɓera aikin ƙungiya ne, kamar gyaran rijiya ko gyaran hanya. Kuma kafin a sayi ko tarko ɗaya, dole ƙungiya ta fara sanin inda ɓera yake kwana, inda yake kiwo, da lokacin da yakan yi ƙaura. Wanda bai san wannan ba, harbi yake yi cikin duhu.

Wane ɓera muke magana a kai?

Mukan ce "ɓera" ko "kusu" mu haɗa su duka, alhali kuwa iri-iri ne, kowanne da halinsa. Akwai gafiya, akwai gyazbi mai yanke karan shinkafa da rake a bakin ruwa, akwai kurege mai tone irin gyaɗa. Akwai ɓeran ciyawa, mai fitowa da rana, wanda yakan yi 'yan hanyoyi a ƙarƙashin ciyawa a kan kunyar shinkafa. Amma wanda ya fi damunmu shi ne wani ɗan matsakaici mai laushin gashi, wanda masana suke kira Mastomys. In ka juya macen za ka ga nonuwa jere a cikinta, daga goma sha shida har zuwa ashirin da huɗu. Cikinta sati uku ne da 'yan kwanaki. Takan haifi goma ko goma sha biyu a haihuwa ɗaya, kuma tana iya sake ɗaukar ciki tun tana shayarwa. 'Ya'yan kuwa, in akwai abinci, cikin wata biyu zuwa uku su ma sun isa haihuwa. Shi ne ɓeran da yake zama a gona, yake kuma zama a ɗaki, ko'ina gida ne a wurinsa.

Yaya aka san yawon dabbar da ba ta fita sai da dare? Hanyar mai sauƙi ce, sai dai tana bukatar haƙuri. Ana jera tarkuna masu kama ɓera da rai, layi-layi, mita 10 tsakanin kowane biyu. In an kama shi a yi masa alama, a rubuta inda aka kama shi, a sake shi. Gobe ko wata mai zuwa in ya sake shiga wani tarko, a rubuta. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, a filin Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine, ana wannan aiki wata-wata tun 1994. Abin da aka gani shi ne, filin da ɓera ɗaya yake yawo a ciki ƙarami ne ƙwarai: kimanin rubu'in eka, sau da yawa ma bai kai haka ba. An kuma ga ba ya tsare fili ya kori ɗan'uwansa. In abinci ya yi yawa a wuri ɗaya, sai su cunkushe a nan ba faɗa.

Ku riƙe waɗannan biyu, domin duk maganar a kansu take tsaye. Ɓera ba matafiyi ba ne, maƙwabci ne. Kuma in ka kashe na wurinka, ba abin da zai hana na kusa ya matso.

An gwada wannan a Afirka ta Yamma ma. A ƙauyukan yankin Faranah na ƙasar Gini, inda kogin Kwara ya faro, masu bincike sun yi wa ɓeraye alama a cikin gidaje da gonakin bayan gida, suka buga sakamakon a 2018. Cikin waɗanda aka sake kamawa, kusan ɗaya cikin huɗu ya ƙetare tsakanin ɗaki da gona. Amma ba wanda aka same shi ya yi nisan da ya wuce mita 100 daga inda aka fara kama shi. Watau ɓeran da ya ci dawarka daren jiya, ramin da ya kwana yana nan inda za ka iya kiran mutum ya ji ka.

A wannan yanki na Gini kuma aka yi shekara huɗu ana sa guba a gidajen wasu ƙauyuka gaba ɗaya, sau ɗaya a shekara da rani. Kowace shekara yawan ɓera yakan faɗi ƙasa warwas, amma cikin 'yan watanni sai ya koma yadda yake. To, in gari guda ya haɗu ya sa guba a ɗakuna amma aka bar na waje, aka ga haka, ina ga mutum ɗaya da ƙullinsa na kasuwa?

Dajin da muka yayyanka

Dattawanmu suna tuna lokacin da daji yake haɗe daga bayan Ka'oje har iyakar Dahomey, wadda muke kira Benin yanzu, gonaki ne tsibirai a cikinsa. Yau abin ya juya. Gonaki ne suka haɗe, daji ya zama tsibirai: ɗan kurmi a nan, saura a can, burtali, gefen rafi, shingen ƙaya, suri mai ciyawa a tsakiyar gona. A ƙetaren iyaka ma haka ne. Noman auduga ya ci daji da yawa a lardin Alibori, wajen Kandi da Banikoara da Segbana, sai dazuzzukan da gwamnatinsu ta keɓe, irin su na Sota da gandun dajin W, suka rage da ɗan girma.

Ba ina cewa kada a yi noma ba. Mutane sun ƙaru, bakuna sun ƙaru, dole gona ta ƙaru. Amma ya kamata mu san abin da yanka daji yake haifarwa. Dabbar da take bukatar fili mai faɗi ita take fara ɓacewa: muzurun daji, dila, yanyawa, mesa, da tsuntsayen da ba su yin sheƙa sai a kan dogon itace ko cikin kogonsa. Waɗannan duka ɓera ne abincinsu. Dabbar da rubu'in eka ya ishe ta kuwa, ba ta rasa kome ba. A wurare da yawa na Afirka masana sun ga abu ɗaya: inda aka sare daji, ko aka ƙone, ko aka nome, nau'o'in ƙananan dabbobi sukan ragu, shi kuwa Mastomys ya mamaye wurin. Shi ne yake fara dawowa bayan gobara.

Saboda haka akwai bambanci tsakanin kurmi da guntun ciyawa, kuma wannan bambanci shi ne muka fi kuskurewa. Kurmi mai manyan itatuwa yana riƙe da ɓera, amma yana riƙe da masu cin ɓera. Guntun ciyawa mai faɗin tabarma biyu a bayan danga ba ya riƙe kome sai ɓera. Mu kuwa mukan sare kurmin mu yi gawayi, mu bar guntun ciyawar. Kamata ya yi a juya abin.

Ɓera yana tsoron fili tsirara, domin a nan mujiya take ganinsa. Shi ya sa ba ya ratsa tsakiyar fage in yana da wata hanya. Yakan bi gindin danga, ya bi kunya, ya bi tarin kara, ya bi gefen magudanar ruwa. Waɗannan guntayen da muka bari, in sun taɓa juna, sun zama masa titi daga fadama har ƙofar rumbu.

Ƙaurar shekara

Na ce ɓera ba matafiyi ba ne. Amma yakan tashi in an tashe shi, kuma a ƙasarmu abubuwa uku suke tashinsa.

Girbi ne na farko. Da damina yana gona, abinci ko'ina, rufi ko'ina, yana ta haihuwa. Yawansa yakan kai ƙololuwa wajen kaka. Sai mu zo rana ɗaya mu kwashe abincin mu kai gida, dabbobi su shiga su cinye kara. Ina zai nufa? Zai bi dawarsa. A Gini an auna an ga haka: da rani ya fi yawa a cikin ɗakuna.

Wuta ce ta biyu, kuma a nan zan ɗan tsaya, gama laifinmu ne ƙiri-ƙiri. Samari sukan cinna wa saura wuta don su kama gafiya biyu ko uku. Wutar ba ta kashe ɓeran da yake cikin rami, takan bi ta kansa ta wuce. Abin da take ci shi ne abincinsa da rufinsa. In ya fito da dare ya ga toka, sai ya nufi wuri mafi kusa da yake da inuwa da ƙanshin hatsi. An sami naman miyar dare ɗaya, an kora wa gari baƙin da za su ci har bazara. Wanda yake son gafiya ya haƙa ko ya ɗana tarko, ba wanda ya hana shi. (Af, 'yar'uwar gafiyar nan tamu ce ake horarwa a can Morogoro tana shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, tana kuma gane tarin fuka a cikin majina. Dabbar ba ta rasa wayo ba.)

Ruwa ne na uku. Mu da muke bakin Kwara mun san kogin yakan cika sau biyu: cikar damina wajen Agusta zuwa Oktoba, wadda masana suke kira farin ruwa, da kuma baƙin ruwa mai zuwa daga Gini da Mali da sanyin hunturu. Duk lokacin da ruwa ya hau fadama, ɓeran da yake can yakan hau tudu, tudun kuwa a nan tungayenmu suke. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2020, wadda ta cinye shinkafa mai yawa a Jihar Kebbi har da ƙasar Bagudo, su tuna yadda gidajen da ruwa bai ci ba suka kasance bayanta.

A dā akwai abu ɗaya da yake taimakonmu ba da saninmu ba, watau yunwar rani. Daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa ɓera yakan rasa abinci a waje, haihuwa ta tsaya, yawancinsu su mutu, gama kaɗan ne cikinsu suke cika shekara a duniya. Amma noman rani ya faɗaɗa, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015. Shinkafar rani alheri ce, ta sa kuɗi a aljihun mutane da yawa. Sai dai a ganina ta cike wa ɓera wannan giɓi. Yanzu in wani yana girbi wani yana dashe, wani kuma tasa tana ciki, to ɓera ya sami tukunyar da ba ta sauka daga murhu. Ya gama da fangon wannan ya matsa taki hamsin ya shiga na wancan.

Kada kuma mu manta da shekarun annoba. Bayan babban farin 1972 da 1973, da ruwa ya dawo, ɓeraye sun ɓarke a ƙasashen Sahel cikin 1975 da 1976, daga Senegal har Nijar, suna tone iri tun bai tsiro ba. An sake ganin irin wannan wajen 1986 da 1987, bayan farin 1984. A Tanzaniya an gano cewa in ruwa ya zo da yawa ba a kan lokacinsa ba, ɗanyar ciyawa ta fito da wuri, ɓera yakan fara haihuwa da wuri, shekarar ta zama ta ɓarna. Saboda haka shekarar da ruwa ya yi kyau bayan fari, ita ce ta sa ido.

Ba hatsi kaɗai ba

In da hatsi kaɗai ne, da sai mu ce asarar buhu ce. Amma wannan ɓera mai yawan nono shi ne yake ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, sa'ad da ta kama ma'aikatan jinya na asibitin mishan, a 1970 kuma ta kashe likita a Jos. Ɓeran ba ya ciwo, amma ƙwayar tana fita cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan garin tuwo ko shanyar da aka bari a ƙasa, ko aka share busasshen kashinsa ƙura ta tashi, mutum yana iya ɗauka. Mutum huɗu cikin biyar ba su jin jiki sosai. Amma wanda ta kama da ƙarfi tana iya kashe shi, mace mai ciki ta fi kowa hatsari, wasu kuma in sun tashi sai su kurumce. A Nijeriya ta fi yawa daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da ɓera ya dawo ɗaki.

Jihar Kebbi ba ta cikin jihohin da cutar ta fi kamari, irin su Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, kuma ba kowane ɓera yake ɗauke da ita ba. Amma maƙwabtanmu na Benin sun gan ta a Tanguiéta cikin 2014, suka sake ganinta a ƙasar Borgu cikin 2016. Ba nesa ba ne. Wanda zazzaɓi ya kama, ya sha maganin cizon sauro kwana biyu ko uku bai sauka ba, a kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

A Yamai kuma, a lambunan bakin wannan kogi namu, an sami wata ƙwayar cuta a jikin ɓeran ciyawa da gafiya, wadda take fita cikin fitsarinsu ta zauna cikin ruwa da laka, ta shiga jikin mutum ta inda ya yi rauni. Mai dashen shinkafa da tsagar ƙafa ya lura.

Akwai ɓera ɗaya da yake tafiya mai nisa, amma ba da ƙafarsa ba. Shi ne baƙin ɓera mai dogon wutsiya, gwanin hawa, mai kwana cikin rufin ɗaki. Asalinsa daga wajen Indiya ne, jiragen ruwa suka kawo shi bakin teku. Masu bincike a Nijar sun same shi a garuruwan bakin kogi da na kan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta bi Paraku da Kandi da Malanbil ta ƙetare zuwa Gaya da Dosso da Yamai. Cikin lodin manyan motoci da jiragen kogi yake zuwa. Mu ma muna da hanyar Tsamiya zuwa Segbana, muna da ta Lolo, muna da kwale-kwale. Ƙungiyar da take da sito, in kaya sun zo daga nesa, a sauke su a fili da rana a kakkaɓe kafin a shigar. Rumbun da ɓeran gona ya kasa hawa, wannan zai hau.

To, me ƙungiya za ta yi?

Ta fara da ƙafa, ba da kuɗi ba. Bayan girbi a zaɓi mutum biyar ko shida, har da mata, gama su suka fi sanin inda ɓera yake ɓarna a cikin gida. Su zaga gari da yamma, taki ɗari daga gidan ƙarshe ta kowace fuska. Duk ramin da suka gani su toshe shi da ƙasa. Da sassafe su koma su ƙidaya waɗanda aka buɗe, waɗannan su ne masu rai. A barbaɗa toka a gindin danga da ƙofar rumbu, da safe sawu zai nuna hanya. Sai a zana taswirar gari a kan allo a sa alama. Za ku yi mamaki: ba ko'ina ɓeran yake ba. Za ku tarar ya taru a wurare kaɗan, juji ɗaya, tsohon kango, tarin karan wane, bakin kwalbati. 'Yan makaranta suna iya riƙe littafin ƙidayar, a maimaita wata-wata.

Daga nan sai a yanke masa titi. A nome ciyawa tas tsakanin gidaje da gonaki, ko da faɗin taki ashirin ne. A ɗauke tarin kara da itace daga jikin bango a ɗora su a kan rumfa. Na san wannan zai taɓa 'yan lambunan kuɓewa da masara da iyayenmu mata suke yi a bayan ɗaki, kuma ba zan ce a hana su ba, miya ce. Amma a bar fili tsirara tsakanin lambun da bango, a kuma sa tarko a nan kullum.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rumbun da yake zaune a kan 'yan duwatsu, ga rassan itace sun sauko a kan jinkarsa, gayyata ce. Rumbun kara a ɗaga ƙafafunsa su kai tsayin ƙugu, a sa wa kowace ƙafa hular kwano mai kifewa ƙasa yadda ɓera in ya hau zai tarar da rufi a kansa. Na ƙasa a shafe tsagarsa, gama ramin da ɗan yatsa zai shiga ya ishi ƙaramin ɓera. Buhun nan mai leda biyu a ciki yana tsare ƙanshin hatsi, ganga mai murfi ta fi shi, amma kowanne a ɗora shi a kan katako nesa da bango. Tuwon da ya kwana a rufe shi da murfi mai nauyi, ba faifai ba.

Kuɗin da za a kashe a kan guba, ƙungiya ta tara ta sayi tarkuna masu ƙarfi, su zama kayan ƙungiya kamar yadda injin ban ruwa yake. An gwada wannan a ƙauyukan Tanzaniya da Namibiya da Swaziland, wadda ake kira Eswatini yanzu, tsakanin 2007 da 2009. Inda gari ya riƙa ɗana tarkuna da yawa kowane dare, ana zagayawa da su gida-gida, ɓera ya ragu, ɓarnar hatsin ajiya ma ta ragu. Sirrin ba a tarkon yake ba, a naci yake. Tarko ba ya ƙarewa kamar guba, ba ya kashe kaza, kuma kana ganin abin da ka kama. Mushen kuwa kada a taɓa shi da hannu. A sa leda a hannu a ɗauka, a binne da zurfi ko a ƙone, kada a ba yara su yi wasa da shi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Mukan tashi yaƙi da ɓera sa'ad da ya fi yawa, domin a lokacin ne muke ganinsa. A nawa ra'ayi lokacin da ya fi riba shi ne sa'ad da ya fi ƙaranci, watau ƙarshen rani, Maris da Afrilu, kafin ruwan fari. A lokacin ya matsu a wurare kaɗan, yunwa ta sa ba ya ƙin tarko, kuma kowace mace da aka kama a Afrilu ta tafi da dukan 'ya'ya da jikokin da za ta cika gona da su kafin kaka.

Masu shinkafa kuma su koya daga manoman Indonisiya da Biyetnam, waɗanda ɓera ya fi mu wahalar da su. Abin da ya taimake su shi ne dukan masu fadama ɗaya su yi dashe cikin sati biyu, don a girbe tare, tukunyar ta sauka. Sukan rage faɗin kunya ya koma kamar taƙi ɗaya da rabi yadda ɓera ba zai sami wurin haƙa rami ba, su nome bakin magudana, su fita farauta tare cikin makonnin farko bayan dashe, tun shinkafa ba ta yi ciki ba. Wasu sukan dasa ɗan fange ɗaya da wuri, su kewaye shi da shingen leda mai ƙofofi, kowace ƙofa da tarko a bayanta. Ƙanshin shinkafar da ta riga sauran yakan jawo ɓeraye daga kimanin mita 200. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, domin mai fangon shi yake ɗaukar hatsarin saboda kowa. Sai ƙungiya ta biya shi.

Sai maganar mujiya, wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. An ce tsuntsuwar mayu ce, in ta yi kuka a kan ɗaki sai a jefe ta. 'Yan'uwa, ɓera ta gani a tsakar gidanku shi ya sa ta zo. Mujiya biyu da 'ya'yansu sukan cinye ɓeraye dubbai a shekara. Manoman Isra'ila tun 1983 suke kafa mata akwatunan sheƙa a gonaki, masu gonakin kwakwar manja a Maleshiya ma haka. Ba na ce mujiya kaɗai za ta raba mu da ɓera ba, ba ta isa ba. Amma ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada. Gubar da muke zubawa a fili kuwa, in ɓera ya ci ya fito yana tangaɗi, mujiya ko kyanwa ko shaho ne yake ɗaukarsa. Mu kashe ɓera ɗaya, mu kashe wanda zai ci dubu.

Ban ce guba ba ta da rana ba. A shekarar annoba, in malamin gona ya duba ya ce a sa, a sa, amma gari duka rana ɗaya, ciki da waje, a cikin guntun bututu ko fasasshiyar tukunya inda yaro da kaza ba za su kai ba. Mai kisa nan take tana da wani aibi: ɓeran da ya ɗanɗana bai mutu ba, ba zai sake kusantarta ba. Ƙwayar nan ta turaren hatsi kuwa, kada a kuskura a sa ta a ɗakin da ake kwana, iskarta tana kashe mutum. Haka fiya-fiya, ba abin zubawa kusa da abinci ba ce.

Wani zai ce, "To, maƙwabcina ba ɗan ƙungiya ba ne." Wannan ita ce tambaya mai wuya, kuma ba ta da amsa sai tafiya. Tun da ɓera taki ɗari yake yi, wanda gonarsa ko gidansa yake jikin naka ya fi maka muhimmanci a wannan aiki bisa ɗan ƙungiyar da yake wata tunga. Sai shugabannin ƙungiya su ɗauki taswirar nan su kai wa mai gari, a kira liman, a kira ardon rugar da take kusa, a sa rana tare. In abin ya shafi fadama mai ƙauyuka da yawa, a kai ga uban ƙasa. Ba wanda ɓera ya taɓa tambayarsa addininsa ko yarensa kafin ya ci masa gero. A ba da aron tarkunan ƙungiya ga wanda ba ya ciki, ba alfarma aka yi masa ba, rumbunmu muke tsarewa.

Waɗanda gonakinsu suke kan iyaka sosai, wajen Tsamiya da Lolo da Illo, maƙwabcin nan yana iya zama mutumin Benin. Kyangawa da Busawa da Dandawa da Fulani suna nan a kowane gefe, kasuwa ɗaya ake ci, ana auratayya. Ba sai an jira takarda daga Birnin Kebbi ko Kandi ba. A aika masa ranar kasuwa cewa ran kaza za mu toshe ramuka mu nome kunya, ya zo da fartanyarsa.